Amfiya 120 da Kankana 14

A ƙasar Sudan, mai Land Cruiser ba ya buƙatar a gabatar da shi a wurin taro, ƙarar injinsa ta riga ta yi masa sallama. Har laƙabi suke sa wa motocin. Mai faɗin ƙugun nan da ta yi tashe a shekarun 1990 suna kiranta Laila Alawi, sunan wata tauraruwar fim ta Masar. A-kori-kurar da ke ratsa hamada kuma Taca, sunan tsohuwar firaministar Ingila da ba ta lanƙwasuwa. Tawa ba ta samu shiga sahun waɗannan manyan mata ba. Ƙirar 1986 ce, samfurin HJ60, fara a da, yanzu kalar ƙasar Umdurman. Ranar da na kawo ta gida uwargida ta zagaya ta, ta saurari irin tarin da take yi kafin ta tashi, ta ce, “Malam, ai gwaggo ka sayo mana.” Sunan ya bi ta.

Ni Bakano ne. Karatu ya kai ni Jami'ar Afirka da ke Hartum, kasuwa ta riƙe ni, aure kuma ya ɗaure ni. A wancan lokacin ina da ɗan shago a kasuwar Suƙ Libiya, ina tura jallabiyoyi da turaren wuta da humra zuwa Kano, gidana kuma yana Umbadda. Surukaina mutanen Mai Wurno ne, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Abin da zan ba da labari ya faru a bazarar 2018, shekara 5 kafin yaƙin da ya tarwatsa biranen nan. Allah ya mayar musu da zaman lafiya.

Gwaggo mota ce mai mutunci. Injinta na dizal ne, 2H, silinda 6, lita 4, babu kwamfuta a cikinsa balle ta yi maka gardama. Rairayin da ke binne sababbin motoci ita takawa take ta wuce tana huci. Shi ya sa a lokacin duk baƙon da ya zo daga gida, ko ɗan kasuwa ko mai ziyarar ɗansa ɗalibi, da ni ake haɗa shi in kai shi Bajarawiya ya ga dalolin Marawi, kimanin kilomita 200 arewa da Hartum, ko Sabaloka ya ga inda Nilu ke ratsa duwatsu. Zafin wuraren nan a bazara yana haura digiri 40 kafin hantsi ya gama dubawa. Don haka na sa firji a baya, saboda zoɓo mai sanyi. Na sa inbata, saboda baƙo ba ya gaisawa sai ya nemi inda zai sa caji. Na sa fanka. Na sa lasifikoki da na'urar ƙara musu amo. Sannan na jera manyan fitilu 4 a saman rufi, saboda na ga wani ya yi, ya kuma yi masa kyau.

Daga nan Gwaggo ta fara sauya hali. Idan muka tsaya a cunkoso da dare, fitilunta sai su koma launin manja. Oda kuwa, in na danna, sai ka ji kamar tana neman gafara. Da safe in na murɗa makulli sai ta ce ƙas, ƙas, ta yi shiru.

Abin ya kai maƙura wata Juma'a da na kai wasu baƙi 'yan Kano hubbaren Shehu Hamad al-Nil su ga zikirin 'yan Ƙadiriyya da ake yi kafin faɗuwar rana. Na bar firji a kunne. Muka dawo bayan magariba, Gwaggo ko ƙas ɗin ma ta ƙi faɗa. Wanda bai taɓa tura motar da ta kusa tan 2 a cikin rairayin maƙabarta ba, bai san nauyin duniya ba. Allah ya saka wa muridan nan da alheri, su ne suka zo da korayen rigunansu masu faci da manyan carbuna, suka sa kafaɗa, suka yi ta turawa da salati har muka hau titi. Ɗaya daga cikin baƙina, maimakon ya kama, sai ya tsaya yana ɗaukar bidiyo. Kafin in isa gida an gan ni a Kantin Kwari.

Washegari na nufi unguwar masana'antu ta Umdurman wurin Usta. Usta dattijo ne mai gyaran wutar mota, irin waɗanda muke ce wa masu rewaya a gida. Yana da farin gemu, da tabarau ɗaure da waya, da wata mita da ta girme ni. Ba ya taɓa mota sai an kawo masa jabana, wato gahawar mutanen Sudan, daga wurin mai shayin bakin garejinsa. Ya kurɓa, ya sa mita a kan batir, ya ce in kunna komai. Allurar ta sunkuya. Ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara rubutu da ɗan yatsa.

“Ya zol, fitilun samanka wat 100 kowace. Wat 400 ke nan. Raba da folt 12, amfiya 33. Fitilun gaba, 10. Firji, 5. Inbata in baƙinka sun cika ta, 25. Fanka da lasifika da sauran tarkace, mu ce ka kai 80.” Ya ja layi. Sannan ya goge baƙin man da ke jikin altaneta, wadda shi yake kira dinamo, da babban yatsa, lambar ta fito: 45. “Batir rumbu ne, dinamo ita ce gona. Kana noma buhu 45, kana ciyar da gida mai cin 80. Ina laifin rumbu?”

Na ce, “To Usta, mene ne magani?”

“Rage masu ci. Cire fitilun nan, ba filin ƙwallo kake haskawa ba. In sauya mata burushi, in duba katawut, ta ƙara shekara 10.”

Na ce masa ni ba mutumin ragi ba ne. Idan gona ta yi kaɗan, ai ƙara ta ake yi. Na karanta a waya cewa akwai altaneta mai ba da amfiya 120, har 150. Usta ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ana yi, amma ba ita kaɗai ake sauyawa ba, akwai abubuwan da ke tafiya tare da ita, in bari ya dawo daga ta'aziyya a Shandi ya nemo mini wadda ta dace. Ni kuwa na san ta'aziyyar mutanen Sudan. Kuma uwargida ta sauka lafiya, suna ya matso, surukina zai zo daga Mai Wurno. Ina so ya tarar da Gwaggo tana walƙiya.

Shekarar nan wahala biyu ake sha a Hartum: layin dizal da layin banki. Kuɗinka ne a asusunka, amma sai ka yini a rana kafin a tsakuro maka. Na tattara cinikin shago a leda na shiga layin masu sayar da kayan motocin da aka farfasa. A can wani saurayi mai zaƙin baki ya ɗauko mini wata altaneta daga ƙarƙashin tarin ƙarafa, ya hure ta, ya juya fulinta da yatsa. Lamba 120 a jikinta ɓaro-ɓaro. Ya ce daga wata motar alfarma mai shan fetur aka ciro ta, mai ita bai ma gama more ta ba ya haɗu da bishiya. Na tambaye shi ko za ta shiga Land Cruiser ta dizal. Ya dafa ƙirji ya ce har jirgin ruwa za ta shiga. Na biya ban nemi ragi mai yawa ba, don kada ya gane darajar abin da ke hannunsa.

Ƙanen matata ne ya kawo mini wanda zai ɗaura. Abokinsa ne, yaro mai kuzari, yana gyaran fankoki da cajar waya a bayan Suƙ Libiya, kowa na ce masa Injiniya. Ya zo da filaya, da sufana 3, da ƙwan fitila ɗaure da waya wanda yake gwada wuta da shi.

Matsala ta farko, ƙafafun sabuwar ba su zauna a mazaunin tsohuwar ba. Mai walda ya warware wannan da guntun ƙarfen gado. Ta biyu, fulin sabuwar mai faɗi ne mai ƙananan layuka, na bel ɗin zamani, Gwaggo kuwa fambel ɗinta siriri ne na da. Injiniya ya ciro fulin tsohuwar ya ɗaura, ya cike giɓi da wasa-wasa har ya ce ido ya gamsu. Ta uku, tsohuwar tana aiki da katawut na waje, wani ɗan akwati a jikin bango, sabuwar kuwa nata yana cikinta. Ya yi ta taɓa wayoyi da ƙwan fitilarsa yana magana shi kaɗai, daga ƙarshe ya yanke biyu, ya haɗa biyu, ya naɗe ɗaya da salatif ya ce wannan ba ta da aiki.

Sai muka zo kan wani abu. A bayan tsohuwar altanetar akwai wani ɗan kurtun ƙarfe manne da ita, bututun baƙin mai yana shiga, wani yana fita, ga kuma tiyon roba da ya yi sama ya ɓace a bayan inji. Sabuwar ba ta da ko alamarsa, bayanta sumul. Na ce, “Injiniya, wannan fa?” Ya jujjuya shi, ya shinshina, ya ce, “Yaya, tsohon yayi ne. Da can sai an sanyaya su da mai. Na yanzu sun wuce nan.” Bayanin ya shige ni, domin ya yi daidai da abin da nake so in ji. Ya toshe bututun mai da noti, ya cusa wa tiyon guntun icen aduwa, ya ɗaure da waya.

Aka tayar. Jama'a, ku zo ku ga haske! Mita ta nuna folt 14 da ɗoriya. Na kunna fitilun sama, kajin maƙwabta suka sauko daga inda suke kwana. Oda ta dawo da muryarta ta budurci. Abu biyu kawai na lura da su a zagayen gwaji. Na ɗaya, duk sanda na kunna kaya da yawa sai fambel ya ƙwalla ƙara, tsiiii, har yara su toshe kunne. Injiniya ya ce murnar sabon aiki ce. Na biyu, bayan na taka birki 'yan lokuta sai fedar ta yi tauri, sai na danna da ƙarfin gaske kafin motar ta tsaya. Wannan ni da kaina na fassara shi: wuta ta ƙaru, dole komai na motar ya ƙara ƙarfi, har da birki.

Kwana bai zagayo ba motar ta mutu murus a ƙofar gida, ko fitilar cikin gida babu. Injiniya ya gano wata gajeriyar waya mai laushi kusa da kan batir ta narke. Ya ce Japanawa sun yi rowar tagulla a nan. Ya yanko waya mai kauri daga ragowar wayarin gidana ya maye gurbinta, ya ce wannan ko aradu ba za ta narkar da ita ba. Gaskiya ya faɗa. Ita ba ta narke ba.

Daren jajibirin zuwan surukai aka ɗauke wuta a Umbadda, abin da ba baƙo ba ne a bazara. Na ga dama ta samu. Na jawo waya daga inbatar Gwaggo har ɗakin mai jego, na kunna mata fanka biyu, na cika firji da jarkokin zoɓo da na ruwan tsamiya. Duk unguwa duhu, gidana kaɗai ke da iska. Da asuba batir ya zama fanko, sai da maƙwabcina ya ja mini wuta daga Hilux ɗinsa. Ban damu ba. Mai amfiya 120 ba ya tsoron fankon batir.

Na biya na ɗauki ragon suna, na sa shi a baya kusa da firji, na wuce Mina al-Barri, babbar tashar motocin da ke kudancin Hartum. Surukina ya sauko da farar jallabiya da rawani, tare da dattawa biyu, da buhunan dawa, da kwalayen mangwaro da ayaba irin na Sinnar. Sai kuma yayarsa, wato gwaggon matata, tsohuwa mai tsabta da tsare gida, wadda ba a taɓa jin an yi mata musu ba a zuriyar. Na durƙusa na gaishe su. Baba, wato surukina, ya zauna gaba, sauran a baya, kaya har rufi.

Da na bi gadar Fitihab da tuni mun isa gida. Amma na ce bari in bi da su ta Mugran su ga mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, mu hau tsohuwar gadar ƙarfen da Turawan Ingila suka gina a shekarun 1920, mu biya kasuwar kifi ta Maurada. A kan gadar na fara baje koli. Na kunna fanka, na sa karatu a lasifika, na ce dattawa su miƙo wayoyinsu a sa a caji. Har fitilun sama na kunna da rana tsaka, don Baba ya ga hasken a jikin motar da ke gabanmu. Fambel ya ɗauki ƙararsa. Baba ya ce, “Malam, lafiya take wannan kuka?” Na ce, “Ƙarfi ne ya yi mata yawa, Baba.”

Muna sauka daga gada wani wari ya fara tasowa. Tsohuwa ta ɗaga hanci ta ce, “Ɗan nan, wannan turaren wutar da kake sayarwa ne? In shi ne, an cuce ka.” Na ce daga waje ne, masu ƙona shara.

A hanyar Maurada akwai wani mai amalanken jaki a gabana, ya jera kankana har sama. Wata raksha, wato a-daidaita-sahu, ta yanko masa, ya ja linzami ya tsaya cak. Na taka birki. Fedar ta ce ba ta san zancen ba. Jiya da motar ba kowa na iya da ita, yau kuwa ga dattawa 4, ga rago, ga dawa, ga firji cike da ruwa. Na sa ƙafa ta biyu. Na miƙe tsaye a kan fedar, na riƙe sitiyari, ƙeyata na dukan rufi. Motar tana rage gudu, amma a natse, irin na wanda ba a isa a sa shi gaggawa ba. Na finciko hambirki, na cusa giya ta ɗaya, kuma a nan ne bakina ya kubce. Na daka tsawa da iyakar muryata:

“Gwaggo, don girman Allah ki tsaya! Tsohuwar banza, yau za ki kunyata ni a gaban mutane?”

Motar ta yi tsit, in ban da rago.

Ba mu daki amalanken da ƙarfi ba. Sumbatarsa muka yi. Amma bambar Land Cruiser ba ta iya sumba ba. Katakon baya ya ɓalle, kankana suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, wasu suka fashe a nan, wasu suka kama hanyar kogi. A daidai lokacin hayaƙi ya turnuƙo daga ƙarƙashin bonet, baƙi, mai warin roba.

Wanda ya zauna a Sudan ya san ba a yin hatsari cikin kaɗaici. Kafin in buɗe ƙofa mutane sun kewaye mu, kowa da shawararsa. Wani ya ɗaga bonet da gefen rawaninsa. Wayar da ta taso daga altaneta zuwa batir ta yi jajir, rigarta na ɗiga, ta kama maƙwabtanta. Wani direba ya zaro sufana ya cire kan batir. Wasu suka watsa ƙasa. Ɗaya daga cikin dattawan da na ɗauko, Allah ya ƙara masa lafiya, ya buɗe firji ya ɗauko jarkar zoɓo ya tuttule ta a kan wutar. Ta mutu nan take. Ko ba komai firjin ya yi ranarsa. Da aka buɗe baya rago ya yi tsalle ya dira, ya je ya sa kai a cikin fasasshiyar kankana, gefe da gefe da jakin, suna ci ba mai ce wa wani matsa.

Mai amalanke yana ta faɗa da Larabci, hannu sama. Na matsa kusa da Baba na ce masa da Hausa a hankali, “Bari in ba shi kuɗin guda 5 ya tafi, ba zai tsaya ƙirgawa ba.” Sai mutumin ya sauke hannu, ya juyo ya ce da Hausa garau, “Guda 14 ne, Alhaji. Na ƙirga tun suna sauka.”

Ashe ɗan unguwar Mayo ne, iyayensa kuma daga Mai Wurno suka taso. Baba ya tambaye shi gidan wa, ya faɗa. Sai ga shi Baba ya san kakansa. Nan aka buɗe gaisuwa a tsakiyar titi, ana tambayar wane da wance, wa ya rasu, wa ya yi aure, motoci a bayanmu suna ta oda har gada. Masu sasanci suna cewa “Barkuha, ya jama'a,” wato a yafe a sa albarka. Aka sa albarka, amma bayan na biya kuɗin kankana 14 da katako. Na ce tunda na biya, nawa ne, aka kwashe fasassun aka loda. Wata tsohuwar Bedford, irin wadda maƙeran Sudan ke sake ƙerawa suna kira Sifinja, ita ta ja mu zuwa unguwar masana'antu. Dattawa da rago suka ƙarasa gida a raksha. Tsohuwa kuwa, tunda ta sauko ba ta dube ni ba. Ta gyara lulluɓinta ta ce wa Baba, “Shekarata 70 da ɗoriya, ba a taɓa ce mini tsohuwar banza ba sai yau, a kan titi, a bakin mijin 'yata. Kuma ina zaune lafiya yake ce mini in tsaya.”

An yi suna lafiya. Baƙi sun yaba da yawan kankana, ko da yake wasu sun tambayi dalilin da ya sa aka yanka ta haka.

Usta ya dawo ya tarar da Gwaggo a ƙofar garejinsa, injinta ja da zoɓo, ƙudaje sun yi mata rumfa. Bai ce komai ba sai da aka kawo jabana. Ya zaro guntun icen aduwar daga tiyo ya ɗaga shi sama, ya kira yaransa duka su zo su gani.

“Injin fetur,” in ji shi, “yana da maƙogwaro mai murfi. In ka ɗaga ƙafa daga totur murfin ya rufe, injin ya yi ta zuƙa, wannan zuƙar ce gangar birki ke ara ta taya ƙafarka. Dizal ba shi da wannan, numfashinsa a buɗe yake. Shi ya sa aka manna masa famfon zuƙar iska a bayan dinamo, sanda ɗaya ke juya su, baƙin mai na shafa shi. Ka cire dinamo, ka cire famfo. Ka cire famfo, ya rage kai da cinyarka.”

Ya koma kan wayar da ta ƙone. Ya ce an yi ta ne don amfiya 45. Batir ya kwana fanko, sabuwar altaneta ta ga yunwa ta saki duk abin da take da shi, ga kuma kayan da na kunna. Gajeriyar wayar nan mai laushi da Injiniya ya raina, da gangan aka yi ta haka, aikinta ta narke kafin sauran su kama. Mun kore mai gadi, in ji shi, mun sa wanda ba ya mutuwa, sai gidan ya mutu a madadinsa. Kukan fambel kuma lissafi ne: amfiya 120 sau folt 14 wat 1,680 ke nan, fiye da ƙarfin doki 2, kuma abin da take ja daga inji ya kusa ninki biyun haka, don sauran zafi yake zama. Siririn bel guda, a kan fulin da ya karkace, ba zai riƙe wannan ba, sai dai ya yi ta zamewa yana ihu. Ya ƙara da cewa lambar da ke jikin altaneta ta lokacin da take sanyi ce tana gudu sosai. A cunkoson Suƙ Libiya, inji na juyawa a hankali, bonet ya yi zafi, ba za ka ga 120 ɗin ba ko a mafarki.

Na ce, “Amma Usta, ka yarda dai ta ba da wuta.”

Ya ce, “Ta bayar. Har 'yan kwana-kwana sun kusa shaidawa.”

Gyaran da ya yi ba shi da ban sha'awa ko kaɗan. Ya nemo altaneta mai amfiya 80 ta wata ƙaramar motar kaya ta dizal, mai famfonta a baya. Ya daidaita fuli da zare da ƙarfen awo har ya tsaya a layi ɗaya da na inji, ya sa sabon fambel. Ya ja waya mai kaurin ɗan yatsa daga altaneta zuwa batir, da babban fiyus kusa da kan batir. Ya ƙara wayoyi masu kauri daga batir zuwa jikin mota da jikin inji, ya ce wutar da ta tafi dole ta samu hanyar dawowa mai faɗin wadda ta bi. Ya sa batir na biyu don firji, da ɗan makunnin da ke raba su in an kashe mota, don kada zoɓo ya sake shanye abin tayar da inji. Fitilun sama ya sauya su da na zamani masu cin wuta kaɗan. Ya sake share ƙasa ya yi lissafi, masu ci suka sauko ƙasa da abin da ake nomawa. Kuɗin aikin, da na wayoyin da suka ƙone, da na kankana, da na Sifinja, sun isa in sayi ƙaramin janareto in bar Gwaggo ta huta.

Wanda ya fi tsada shi ne gyaran tsohuwa. Uwargida ta yi mata bayani, Baba ya yi mata bayani, aka kawo yara suka shaida cewa tun da daɗewa haka ake kiran motar. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, “Au, wato tun ba yau ba kuke kiran wannan akwalar da sunana?” Sai da na kai mata laffaya mai tsada daga kasuwar Umdurman, da kwalbar humra, da goro, na zauna a ƙasa na sha faɗa, kafin ta amsa gaisuwata da rabin baki. Ranar komawarsu na ce zan kai su tasha. Baba ya ce in bar shi, likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa.

Ni dai har yau ina kan bakana. Altanetar nan ba ta yi ƙarya ba, 120 aka rubuta, kuma ta bayar har da gyara. Motar ce ba ta shirya karɓar arziki ba. Ban sayar da ita ba, na naɗe ta a tsumma na ajiye a ƙarƙashin gado, don na san ranarta na zuwa.

Ba a jima ba na ga wata mota a hanyar Shandi da injin jan kai a gaban bambarta, irin mai igiyar ƙarfe da ke fid da mota daga rairayi. Na bincika, na ji in yana ja da gaske yana iya cin amfiya 400. Da safe na sayi jabana da kaina na nufi garejin Usta, na fara yi masa bayani tun daga bakin ƙofa. Ya saurare ni har na gama, ya karɓi jabanar ya shanye, ya kira babban yaronsa ya ce, “Rufe shago. In wannan ya tambaya, ka ce masa an sake yin rasuwa a Shandi.”